Handley Page da auren dolen da ya ƙi

A watan Agusta na 1950 kamfanin jiragen fasinja na gwamnatin Birtaniya, BOAC, ya saka wani sabon jirgi a hanyar Afirka ta Yamma. Yakan tashi daga Landan ya sha mai a Tarabulus, ya ƙetare Sahara ya sauka a Kano, daga nan sai Legas da Akra. Sunan jirgin Hermes, mai farfela huɗu, ƙirar wani kamfani da ake kira Handley Page. A lokacin da wani zai ce wa mutanen Ingila wannan kamfani saura masa shekara 20 a duniya, da sun yi masa dariya. Amma a watan Maris na 1970 aka garƙame ƙofar masana'antarsa, ma'aikata suka watse.

Har yau in ka saurari masu sha'awar tarihin jirage a can, hukunci ɗaya za ka ji: gwamnati ce ta kashe Handley Page. Ta ce wa kamfanonin ƙera jirage su haɗe, mai wannan kamfani ya ce ba za a yi masa auren dole ba, sai aka hana shi kwangila har yunwa ta kai shi ƙasa. Labarin yana da daɗin ji, tunda akwai jarumi a ciki, akwai kuma azzalumi. Ni kuwa da na bi tarihin kamfanin tun daga tushe, sai na ga 'yancin da mai shi ya dage yana karewa bai taɓa zama a hannunsa ba. Shekara 50 mai saye ɗaya ke ciyar da gidan. Ran da mai sayen ya gindaya sharaɗi, ina bakin cewa a'a?

Frederick Handley Page injiniyan lantarki ne, haifaffen garin Cheltenham a 1885. Ya kafa kamfaninsa a watan Yuni na 1909, makonni kaɗan kafin Bafaranshe Louis Blériot ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a jirgi. Shekarun farko ƙananan jiragen gwaji yake harhaɗawa da katako da ƙyalle da waya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya ɗaga shi. Rundunar sojin ruwa ta nemi ƙaton jirgi da zai ɗauki bama-bamai masu nauyi zuwa nesa, ya ƙera mata O/100, wanda ya fara tashi a watan Disamba na 1915, sannan ƙaninsa O/400 da aka yi ɗaruruwansa. Sunan ya bazu har ya zama duk wani babban jirgi mutanen Ingila sai su ce Handley Page, kamar yadda mu nan kowane garin sabulu Omo ne, kowane dunƙulen miya Maggi.

Na uku, V/1500 mai inji huɗu, an yi shi ne don ya kai bam har Berlin. Yaƙi ya ƙare a Nuwamba 1918 kafin a aike shi. Guda ɗaya dai ya samu aiki: an kai shi Indiya, kuma a watan Mayu na 1919 ya ratsa duwatsu ya je ya zuba bama-bamai a Kabul, har da fadar Sarki Amanullah Khan, a yaƙi na uku tsakanin Turawan Ingila da Afganistan. Masu kukan rasuwar kamfanin ba su cika tsayawa a wannan shafi ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya san irin hajar da ake sayarwa a wannan shago, da wanda ke sayenta.

Da aka yi sulhu sai kwangilolin yaƙi suka ɗauke cak. Handley Page ya cire ma'ajiyar bam daga jiragensa ya jera kujeru, ya buɗe kamfanin jigila a 1919 yana kai mutane Faris da Brussels. Kasuwar ba ta riƙe kanta ba. Faransawa suna samun tallafin gwamnatinsu suna karya farashi, har a farkon 1921 kamfanonin jigilar Birtaniya suka dakatar da tashi na ɗan lokaci, sai da gwamnati ta sa hannu a aljihu. A 1923 ta ce ba za ta ci gaba da tallafa wa ƙananan kamfanoni huɗu ba, su dunƙule su zama ɗaya. Haka aka haifi Imperial Airways a 1924, kuma kamfanin jigilar Handley Page na cikin huɗun. Ashe an taɓa yi masa auren dole, kuma ya zauna lafiya a ɗakin.

Akwai abu ɗaya da ya sa nake girmama mutumin, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Babban makashin matuƙa a wancan zamani shi ne jirgi ya rage gudu, ya ɗaga hanci fiye da ƙima, iskar da ke bin saman fiffike ta ɓalle daga jikinsa, ɗagawa ta ɓace, jirgi ya zubo kamar dutse. A 1919 Handley Page da injiniyoyinsa suka gano cewa in aka sa wani siririn falle a goshin fiffike, wanda zai ɗan matsa gaba ya bar tsaga, iska za ta bi ta tsagar ta kwanta a bayan fiffiken, jirgi ya ci gaba da riƙe kansa ko da gudunsa ya ragu sosai. Wani Bajamushe, Gustav Lachmann, shi ma ya gano hakan a nasa ɓangaren bayan ya tsira daga irin wannan faɗuwa. Maimakon su tafi kotu sai suka haɗa kai, daga baya ma Lachmann ya koma aiki a kamfanin. In ka taɓa zama kusa da taga ka ga goshin fiffike ya zame gaba lokacin da jirgi ke shirin sauka, jikar wannan dabara ka gani. Kuɗin lasisin da ƙasashe da kamfanoni suka riƙa biya su ne suka riƙe kamfanin a shekarun 1920. A tarihinsa duka, nan ne kawai na ga ya ci abinci sosai daga kasuwar duniya ba daga baitulmalin ƙasarsa ba.

Jirgin fasinjansa mafi suna shi ne H.P.42 na 1931, mai fiffike hawa biyu, da ɗakunan zama kamar na jirgin ƙasa na masu hali. Daga fara aikinsa har ɓarkewar yaƙi a 1939 ba fasinjan da ya rasa ransa a ciki, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai guda 8 kacal aka ƙera, mai saye ɗaya, Imperial Airways, kuma gudun da ya saba yi a tafiya wajen kilomita 160 ne kawai a awa. A ƙarshen 1935 kamfanin Douglas na Amurka ya fito da DC-3, na ƙarfe, mai fiffike ɗaya, mai gudu kusan ninki biyu, duniya ta yi masa rububi.

Sai wani yaƙin ya sake kawo damina. Jirgin bam na kamfanin, Halifax, ya fara tashi a watan Oktoba na 1939, aka ƙera sama da 6,000, shi ne na biyu bayan Lancaster na kamfanin Avro a manyan jiragen da Birtaniya ta yi wa Jamus ruwan bama-bamai da su. Yana cikin waɗanda suka ƙone Hamburg a watan Yuli na 1943, inda mutum kusan 40,000 suka hallaka. Rundunar da ke kai waɗannan hare-hare ita ma ta rasa mutum 55,573 a tsawon yaƙin. An ba mai kamfanin sarautar Sir a 1942. To amma a duba yadda aka haifi Halifax ɗin. Ma'aikatar jiragen yaƙi ce ta rubuta irin jirgin da take so. An fara zana shi da inji biyu, ita ce ta ce a mai da su huɗu. Ita ta biya. Da ta ga masana'antar kamfanin ba za ta iya cika adadin ba, sai ta raba aikin ga wasu: English Electric, Fairey, kamfanin motoci na Rootes, har da wata ƙungiya da hukumar sufurin Landan ke ciki. English Electric kaɗai ya ƙera Halifax sama da 2,000, fiye da waɗanda suka fito daga hannun mai jirgin. Jirgin da ya fi kowane ɗaukaka sunan Handley Page aikin gayya ne, gwamnati ce kuma mai gayyar.

Bayan 1945 sai tsohon ciwo ya dawo. Hastings, jirgin dakon sojoji, ya samu karɓuwa, ya yi jigilar gawayi da kaya zuwa Berlin lokacin da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin birnin a 1948. Ɗan'uwansa na farar hula, wato Hermes ɗin da ke sauka a Kano, BOAC ya karɓi 25 ba da son ransa sosai ba, don ya fi nauyin da aka yi alkawari, kuma a 1952 ya fara ajiye su ya koma ga jirgin Argonaut ƙirar Kanada. A watan Mayu na wannan shekara ma wani Hermes da ya taso daga Tarabulus zai zo Kano ya ɓace hanya cikin dare, ya ƙare da saukar dole a hamada kusa da Atar ta ƙasar Muritaniya. Wannan kam kuskuren karanta kamfas ne, ba za a ɗora wa maƙerin jirgin ba.

Wanda za a ɗora masa shi ne Herald. Kamfanin ya yi niyyar ƙera magajin DC-3 don ƙananan filaye, ya tambayi masu jigila, ya yanke shawarar sa masa injin fistan guda huɗu irin na da. A shekarar da ya fara tashi, 1955, kamfanin Fokker na Holan ya tashi nasa, F27, da sabon injin Dart guda biyu, mai farfela amma cikinsa na jet, wanda Rolls-Royce ke ƙerawa a nan cikin Ingila. Masu saye suka juya baya. Kafin Handley Page ya sake zana Herald da injin Dart ya tashe shi a 1958, kasuwa ta riga ta watse. An ƙera Herald 50. Fokker ya ƙera F27 kusan 600 a Holan kaɗai, ban da waɗanda aka yi a Amurka da lasisi, kuma manyanmu da suka hau Nigeria Airways a cikin gida a shekarun 1960 da 1970 sun san shi. Ba ministan da ya zaɓar wa Herald inji.

Victor kuwa gwaninta ce tsantsa, ba na musu. Ya fara tashi ranar jajiberin Kirsimeti ta 1952, da fiffike mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, an yi shi don ɗaukar bam na nukiliya a can ƙololuwar sama. Amma shi ma in aka duba lissafinsa, hujjar gwamnati ce ke fitowa. O/100 bai cika shekara ɗaya ba tsakanin oda da tashi. Victor kuwa an fitar da buƙatarsa a farkon 1947, sai a 1958 runduna ta farko ta fara aiki da shi. Kuma don aiki guda Birtaniya ta biya kuɗin jirage uku daga kamfanoni uku: Valiant na Vickers guda 107, Vulcan na Avro 136, Victor 86. A daidai lokacin Amurka ta sayi jiragen bam B-47 sama da 2,000 da B-52 guda 744, duka ƙirar Boeing, wanda ya kwashi wannan ƙwarewa ya zuba a jirgin fasinja na 707. Ƙasar da ta fito daga yaƙi da bashi har wuya, daularta na zamewa, ta kuma sha kunya a rikicin mashigin Suwez a 1956, ba ta da ƙarfin ciyar da kamfanoni kusan ashirin kowa da ofishin zanensa, kowa da filin gwajinsa.

A watan Afrilu na 1957 ministan tsaro Duncan Sandys, wanda ya auri 'yar Winston Churchill, ya fitar da takardar manufa cewa zamanin makamai masu linzami ya zo, yawancin jiragen yaƙi masu matuƙi sun kusa zama tarihi. An soke ayyuka da dama. Hasashensa bai tabbata ba, ga shi har yau matuƙa na tashi da jiragen yaƙi. A 1959 aka ba shi ma'aikatar jiragen sama, ya gaya wa kamfanoni ƙiri-ƙiri cewa daga yanzu kwangila ta waɗanda suka haɗe ce. Zuwa 1960 an gama ɗaurin aure. Vickers da English Electric da Bristol, sannan Hunting, suka zama kamfani ɗaya mai suna British Aircraft Corporation, wato BAC. Hawker Siddeley, wanda dama yana riƙe da Avro da Gloster da Armstrong Whitworth, ya haɗiye Folland da de Havilland da Blackburn. Westland ya tattara masu ƙera helikwafta. Short Brothers na Belfast ya tsaya a gefe, amma shi dama yawancin hannun jarinsa na gwamnati ne. Babban gida mai zaman kansa da ya rage a waje shi ne Handley Page. An yi maganar sayarwa, farashi bai daidaita ba. Sir Frederick yana da shekara 74 a lokacin, kamfanin sunansa yake ɗauke da shi, shi ya rene shi tun daga rumfa. Na fahimci zuciyarsa. Amma Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa tun 1915 yake cin ladan.

Ba wanke gwamnati nake yi ba. Laifinta yana nan, kuma mai nauyi ne. Lokacin da sojin sama suka nemi matsakaicin jirgin dakon kaya a farkon shekarun 1960, Herald na soja yana cikin masu takara, kuma ya burge waɗanda za su yi aiki da shi. Aka ba Hawker Siddeley kwangilar, jirgin da aka sa wa suna Andover, saboda shi ya bi umarnin haɗewa. Kuɗin jama'a ne, rayukan sojoji ne za su hau, ya kamata a zaɓi jirgi don ingancinsa. Da zarar hukuma ta mai da kwangila bulalar horar da wanda ya ƙi ji, ta buɗe ƙofar da gobe wani zai bi ya saka wa abokinsa. Kuma in har ta tabbata haɗewar ita ce maslaha, tana da hanyoyi masu tsafta: ta shiga tsakani a daidaita farashi, ko ta saye kamfanin da kanta, kamar yadda ta ƙare da yi wa sauran a 1977. Sai ta zaɓi ta ɗauke kai ta jira. Masu zane da maƙera da ke masana'antun kamfanin a Cricklewood da Radlett, waɗanda ba a tambaye su komai ba, su ne suka biya kuɗin taurin kan ɓangarorin biyu.

Masu kare Sir Frederick suna da wata hujja da ta fi wannan ƙarfi. Sukan ce, waɗanda suka yarda aka aurar da su, me suka samu? An soke babban jirgin yaƙin BAC, TSR-2, a watan Afrilu na 1965 bayan ya riga ya tashi. A 1977 aka mai da BAC da Hawker Siddeley mallakar gwamnati da sunan British Aerospace, wanda a 1999 ya rikiɗe ya zama BAE Systems. Sunayen Avro da Gloster da de Havilland duk sun bi na Handley Page. Sannan su nuna maka Faransa, inda Marcel Dassault ya riƙe kamfaninsa, kuma har yau iyalinsa ke da rinjaye a ciki. Gaskiya ne. Sai dai misalin Dassault ni yake taimaka wa. Jirginsa Mirage III ya sayu a Isra'ila da Ostareliya da Afirka ta Kudu da Suwizalan da Pakistan. A 1963 kamfanin Pan Am na Amurka ya yi odar ƙaramin jirginsa na 'yan kasuwa, wanda ya zama Falcon. Mutumin da ke da masu saye goma yana iya ɗaga murya a ofishin minista. Victor ko guda ɗaya ba a sayar wa wata ƙasa ba. Kuma Dassault ɗin ma da lokacin haɗewa ya zo a Faransa bai tsaya a gefe ba, shi ya haɗiye Breguet. Game da waɗanda suka haɗe a Ingila kuwa, suna ne ya ɓace. Masana'antun Warton da Brough da Filton sun ci gaba da aiki, kuma a Broughton, tsohuwar masana'antar de Havilland, ake ƙera fikafikan jiragen Airbus har yau.

Sir Frederick ya rasu a watan Afrilu na 1962 bai ga ƙarshen abin ba. Magadansa suka yi yunƙuri na ƙarshe, kuma sai a nan ne suka nufi inda ya kamata tun da daɗewa: ƙaramin jirgin fasinja mai kujera 18, Jetstream, don kasuwar Amurka. Tunanin daidai ne. Ya fara tashi a watan Agusta na 1967, oda ta shigo, har sojin saman Amurka suka nemi 11. Amma injin Astazou na Faransa ya ba da wahala, jirgin ya fi nauyin da aka tsara, kuɗin gwaji ya ninka, lokacin miƙawa ya yi ta ja. Babban kamfani da ke da wasu hajoji zai iya jure shekara biyu na asara. Handley Page ba shi da wannan kitsen. A watan Agusta na 1969 ya karye. Wasu Amurkawa suka tallabe shi na 'yan watanni, suka sake shi.

Jetstream bai mutu tare da mai shi ba. Kamfanin Scottish Aviation da ke Prestwick ya ɗauki aikin, shi ma ya shiga British Aerospace a 1977, aka sauya wa jirgin inji, aka sake fito da shi da sunan Jetstream 31, aka sayar da ɗaruruwa, yawanci a Amurka, kasuwar da dama aka yi shi dominta.

Victor ma ya daɗe. Da aka gano tsagewa a fikafikan Valiant aka ajiye shi a farkon 1965, sai aka mai da wasu Victor tankokin mai masu shayar da jirage a sararin sama. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, Victor 11 ne suka yi ta miƙa wa juna mai don su kai Vulcan guda ɗaya daga tsibirin Ascension zuwa Port Stanley, babban garin tsibiran, tafiyar sama da kilomita 6,000 kafin a yi maganar dawowa. Sun yi aiki a yaƙin Tekun Fasha na 1991, aka sallame su a watan Oktoba na 1993, shekara 23 bayan rufe gidan da ya haife su. Waɗannan tankoki na ƙarshe ba a Radlett aka gyara su ba. Lokacin da kamfanin ke numfashin ƙarshe, jiragen suna jere a filinsa ana jiran gwamnati ta sa hannu a kwangilar mai da su tankoki. Ba ta sa ba sai da ya faɗi. Sannan aka tashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa Woodford, tsohuwar masana'antar Avro, inda aka ƙera kishiyarsu Vulcan, Hawker Siddeley ya yi aikin.